Shaidar Auren Raihana

Ranar da aka yi da Raihana za a buɗe mata kundin aure, a ranar aka wayi gari an ɓalle ɗakin da kundin yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin masallacin garinmu, Tsamiyar Sada, a ƙasar Dutsi, inda marigayi Liman ya tara littattafansa. Ana idar da sallar asuba aka ga ƙyaure a wangale, kwaɗo yana reto. Ba a taɓa komai ba sai gafakar fata guda, wadda tsohon yake zuba takardun duk auren da ya ɗaura.

Raihana bazawara ce. Da damina wani falken shanu daga Sandamu, Harisu, ya aure ta. Auren bazawara kuwa ba a yi masa ganga: bayan asuba aka ɗaura, aka raba dabino, kowa ya kama hanyar gona. Kafin ta tare mota ta kife da Harisu a hanyar kudu, ya bar ta da ciki. Kafin kaka Liman ma ya rasu. Baffanta da ya yi mata walicci ya bi shanu mashekari, babu wanda ya san dajin da yake.

Sai ɗan Liman, Malam Mahdi, ya dawo daga karatu ya gaji limanci. Shekarun farkon dawowar shari'a ne, kowane saurayin malami jininsa na tafasa. Wata Juma'a ya hau lasifika ya ce akwai mace a garin nan da ciki ba miji, ya kama sunanta da na uwarta. Bai tambayi kowa ba. 'Yan kwamitin shari'a na garin suka kai magana kotu, alƙali ya ce ta kawo shaidar aure a zama na gaba. In ba ta kawo ba, kowa ya san abin da ke jiran macen da ta taɓa aure: jifa gare ta, sunan shege ga abin da ke cikinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin sahun gaba. Da bakinsu suka ci dabinon auren nan. Amma da aka ambaci kotu, wannan ya ce ranar zazzaɓi yake yi, wancan ya ce shi kunnensa ya yi nauyi, bai ji sunan amarya ba. Ga su nan yanzu a bakin ɗakin da aka ɓalle, su ne kan gaba wajen yanke hukunci.

"Danginta ne," in ji wani. "Sun san babu sunanta a ciki."

"Ko dai Mati, wan Harisu," in ji wani a hankali. "In ta haifi namiji, gonakin Harisu sun fita hannunsa."

Mai gari Dabo ya ce kowa ya ja baya, a kira Hamma.

*

Hamma dillalin shanu ne, mai abin hannunsa, kuma duk ƙasar nan har bakin iyaka in saniya ta ɓata shi ake nema ya bi sawu. Yana da baki, ba ya kuma rage wa kowa. Yana isowa ya dubi yadda aka tattake wurin, ya ce da garken tumaki ne suka zo kallo da sun fi barin masa abin dubawa.

Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe. Ya leƙa ciki, inda tabarmi suke shimfiɗe wanwar, ya shafa su da tafin hannu. Sannan ya miƙe ya je wurin randar alwala, ya ɗago wasu tsofaffin silifas, ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya ja, waɗanda kowa ke zurawa in zai zagaya.

"Ɓarawonku waɗannan ya sa, don kada a gane nasa takalmin," in ji shi. "Ya kuma dawo da su ya ajiye, ɗan halak."

"To ai kowa ke nan," in ji mai gari.

"Kowa ne, ranka ya daɗe. Sai dai abu guda: da ya ɓalle ƙofar bai faɗa ciki ba. Ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya jera su, sannan ya shiga. Na bi ɓarayi da yawa, ban taɓa gamuwa da mai ladabin wannan ba."

Aka yi dariya. Hamma bai yi ba. Ya juya wurin Malam Mahdi, wanda ke tsaye da carbi.

"Allah ya gafarta Malam, ka taɓa duba kundin nan?"

"Ban taɓa ba. Jiya da yamma Auta, ƙanen yarinyar, ya zo yana roƙo in buɗe. Na ce a bari sai yau, a gaban mai gari, kada a ce an yi wani abu a ɓoye."

"Auta ya san ɗakin da kundin yake ke nan."

"Ni na nuna masa," in ji Malam.

*

Gidan Inna Hadiyya, uwar Raihana, shi ne na ƙarshe a bayan gari, bakin burtali. Tun ranar huɗubar nan mata suka daina aiko da 'ya'yansu sayen man shanu. Hamma ya yi sallama ya tarar da Raihana zaune kusa da turmi, ƙafafunta sun kumbura.

"Baffa Hamma, kai ma ka zo ganin ɓarauniya?"

"Na zo jin magana. Yaya aka yi kika san da kundin?"

"A bayan katanga nake ranar ɗaurin auren. Na ji Liman yana tambayar cikakken sunan mahaifina, na ji ya ce a miƙo masa tawada. Da alƙali ya ce in kawo shaida, Daura na fara tafiya. Da cikin nan na shiga motar kasuwa. Magatakardan kotu ya duba mini, Allah ya saka masa, ya ce su abin da aka kawo musu aka yi rajista shi suke da shi, auren ƙauye yana hannun limamin da ya ɗaura. Ya ce in samo kundin, a kwafo shafina, mai gari ya buga hatimi. Na dawo na aika wurin Malam, ya ce yana da karatu. Na sake aikawa, ya ce makulli ya shige wani wuri. Sai jiya da mai gari ya sa baki." Muryarta ta ɗaga. "Abin da nake bi kamar ruwan sha, shi zan sa a sace?"

Auta ya fito daga ɗaki idonsa jawur. Ya ce shi ko rantsuwa aka ce ya yi zai yi, daga wurin Malam gida ya dawo. Hamma bai dubi fuskarsa ba, ƙafarsa ya duba. Ya ce masa ya zauna a gida, kada zuciya ta kai shi ƙofar masallaci.

*

Mati yana rumfar mai shayi, ya zo daga Sandamu da sassafe don a buɗe kundi a gabansa. Ƙato ne, mai magana kamar yana ciniki a kara.

"Ni ƙanena bai gaya mini ya yi aure ba," in ji shi. "Da ya gaya mini ma da na hana."

"Ko shi ya sa bai gaya maka ba. Jiya ina ka kwana?"

"A ɗakina, a Sandamu. Ka tambayi mai babur ɗin da ya kawo ni."

"Ɓatan kundin nan dai ya yi maka daɗi."

"Ya yi mini, ba zan ɓoye ba. Amma Hamma, dube ni da kyau. Na yi kama da mai tuɓe takalmi yana jerawa? Wallahi da ni ne, ashana ɗaya zan ƙyasta wa ɗakin gaba ɗaya in huta."

Hamma ya ajiye kofin shayin da aka ba shi bai kurɓa ba. Ya ce wa Mati yau dai bakinsa ya yi amfani, ya tashi ya koma bakin masallaci.

*

Sawun silifas ɗin ya zagaya bayan masallaci, ya ɓace a kan fako, Hamma ya sake tsinto shi a bakin burtali. Jama'a na biye da shi a baya duk da korar da yake yi musu. Da suka ga sawun ya wuce ta gefen gidan Inna Hadiyya ya nufi hanyar rugar dangin Raihana, sai aka fara kallon juna ana gyaɗa kai.

Can gaba, a gindin wata aduwa, sawun ya tsaya. Gafakar tana rataye a reshe, sama da kan mutum.

Kafin Hamma ya buɗe baki wani ya yi tsalle ya ciro ta, aka ɗunguma gari ana kabbara. A ƙofar mai gari Malam Mahdi ya kwance igiyar, ya ware takardun damina, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da murya mai daɗi. Auren wane da wance, auren wane da wance. Babu Harisu, babu Raihana.

"Shi ke nan!" in ji ɗaya daga cikin masu cin dabinon. "Sun sace sun duba, sun ga babu, sun yar."

Ban taɓa jin ƙyamar garinmu irin ta ranar ba. Mace ce fa ake maganar jefewa, amma fuskokinsu kamar an ce musu farashin gero ya tashi suna da rumbu cike. Labari ya kai bayan gari kafin azahar. Inna Hadiyya ta yanke jiki ta faɗi.

Hamma ba ya cikin taron. Yana can gindin aduwa shi kaɗai. Bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas, amma ga zuma suna ta shawagi a kan wani ɗan tarin ƙaya da aka jera a gefen saiwa. Zuma ba sa taruwa a banza a wannan lokaci, sai inda akwai laima. Ya sa sanda ya ɗaga ƙayar. Ya daɗe yana kallon abin da ke ƙasa, da kuma abin da ke gefensa. Sannan ya kife hularsa a kan wurin don kada iska ta taɓa, ya tafi neman ƙwarya.

*

Ya roƙi mai gari abu biyu: a tara masu maganar bayan la'asar, kuma a share yashin zaure a baje shi sumul, kada kowa ya shiga sai an kira shi. Zauren mai gari dai ba a shiga da takalmi, yaro ma ya san wannan.

Aka kira Mati ya shiga ya zauna. Aka kira Auta. Aka kira Malam Mahdi, ya wuce kan buzun da aka shimfiɗa masa a dama. Raihana ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, lulluɓe. Tsofaffin sahun gaba suka cika waje suna miƙa wuya. Hamma ya shigo a ƙarshe, yana bin gefen bango, da ƙwarya a hannu.

"Ranka ya daɗe, an ce babu sunan Raihana a kundi. Gaskiya ne, yanzu babu. Ga inda ya tafi."

Ya ajiye ƙwaryar. Damshin yashi ne baƙi ƙirin, da wani ɗan curin farar takarda da ta jiƙe ta dagargaje.

"Tawada ce. Na yi karatun allo a gaban marigayi Liman, na san tawadarsa, ƙaro yake cika mata. An zare shafi ɗaya an wanke shi tas kamar rubutun sha, aka zuba ruwan a gindin itace, aka rufe da ƙaya don kada mutum ko dabba ya taka. Mati ya ce da shi ne wuta zai sa. Haka ne, kowane ɓarawo wuta zai sa, ko ya jefa a masai. Wannan ya kasa. Marigayi ba ya fara shafi sai da Bisimilla, ɓarawonmu kuwa yana tsoron wulaƙanta sunan Allah. Shi ya sa bai ajiye gafakar a ƙasa ba, ya rataye ta."



"Da zai zuba ruwan, sai ya sake yin abin da ya saba: ya tuɓe takalmi. Ya tsuguna ƙafa ba takalmi a kan damshi. Babban yatsansa na dama a karkace yake, ya hau kan na kusa da shi. Sawun yana can na kife da hulata, duk mai so ya je ya gani." Ya nuna yashin zauren da sandarsa. "Ga na Mati, kamar faranti. Ga na Auta. Ga kuma na uku."

Babu wanda ya ambaci suna. Idanu ne kawai suka bi sawun nan taki ɗaya bayan ɗaya har bakin buzu. Malam Mahdi ya ja ƙafarsa ya cusa ƙarƙashin riga.

"Sawu ba hujja ba ne a shari'a," in ji shi.

"Ka fi ni sani, Allah ya gafarta Malam."

Sai aka ji muryar Raihana daga bakin ƙofa. "Baba mai gari, a ɗauko Alƙur'ani. Ni ba na neman a kama kowa. Malam ya dafa ya ce bai taɓa ganin sunana da na Harisu da rubutun mahaifinsa ba. In ya dafa, na yafe shaidar, a kai ni duk inda za a kai ni."

Aka ɗauko, aka ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya koma kan cinyarsa bai dafa ba.

"Rubutun Baba ne," in ji shi, kansa a ƙasa. "Bayan tafiyar Auta na buɗe don in tabbatar babu. Sai na gani. Harisu ɗan Sha'aban, Raihana 'yar Hafizu, da sunan waliyyi da shaidu. Na riga na faɗa a kan mumbari. Na riga na faɗa! Da wane ido zan dubi mutane? Wa zai sake bi na salla?"

Auta ya zabura, Hamma ya tare shi da sanda.  Mutum ya ji tsoron akuya ta taka ruwan tawada, amma bai ji tsoron a haƙa rami a binne mace zuwa ƙirji ba, don kawai kada ya ce na yi kuskure.

Mai gari ya yi gyaran murya. Ya ce to, alhamdu lillahi gaskiya ta fito. Malam zai je kotu ya ba da shaida, zai kuma sake rubuta shafin a buga hatimi. Amma maganar wanki da ɓalle ƙofa ta tsaya a zauren nan. Malami ne ɗan malami, a rufa masa asiri, Allah ma yana son mai rufa asirin ɗan'uwansa. Tsofaffin waje suka amsa da ƙarfi, wai haka ne, wai dama su sun fara tunawa da wani ɗaurin aure da damina.

Raihana ta yaye lulluɓinta daga fuska.

"Baba, ranar da ya kira sunana da na uwata a lasifika, ina rufin asirin ya tafi? Kana sahun gaba. Duk kuna sahun gaba." Ta dubi ƙofar waje, masu miƙa wuya suka janye. "Ina daka a gidanmu na ji. Har bayan gari ta kai. Taɓarya ta faɗi daga hannuna, Inna ta toshe kunnenta. Maganar ƙofa da wanki ku rufe in kun ga dama, wannan tsakaninsa da Allah da kabarin ubansa. Amma aurena ba a zaure zai tsaya ba. Inda ya faɗi waccan, nan zai faɗi wannan. Kuma sai na ji ta daga gindin turmina."



*

Alƙali ya kori ƙarar a zaman da ya biyo. Shaidu har sun yi yawa: wanda ya yi zazzaɓi ya warke, mai nauyin kunne ya tuna har irin dabinon. Mati ya koma Sandamu bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar Juma'a masallaci ya cika har waje. Malam Mahdi ya yi huɗuba a kan haƙuri, ya ja ta, ya sake ja. Can dab da ƙarshe ya kawar da bakinsa daga lasifika, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, ya juya zai tayar da salla.

Hamma ya miƙe a tsakiyar sahu. An san ba a magana liman na kan mumbari, shi ma ya sani.

"Allah ya gafarta Malam, ba ta kai bayan gari ba."

Babu wanda ya ce masa ya zauna. Malam ya juyo. Sannan ya kama bakin lasifikar da hannu biyu.

A gidan ƙarshe na bakin burtali Raihana tana zaune a gindin turmi tun kiran farko. Muryar ta ratso rumbuna da dangogi ta iso, irin yadda waccan ta iso: "Jama'a, na yi kuskure. Raihana 'yar Hafizu matar marigayi Harisu ce. Mahaifina ne ya ɗaura auren. Abin da ke cikinta na Harisu ne, ɗan halak ne."

Inna Hadiyya ta fashe da kuka. Raihana ba ta yi ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan cikin, ta sunkuyar da kai.

"Ka ji ko?" in ji ta. "Harisu sunan ubanka."